Farantin da ya ce zuma ta fi letrozol: wani lamari daga ɗakin gwaji a Jidda

Wata Asabar bayan Isha'i ina kishingiɗe, maiɗakina ta miƙo mini wayarta ta ce, "Alhaji, saurari wannan, kamar zancen wajen aikinku ne." Saƙon murya ne, an tura an sake turawa har ya gaji da yawo. Muryar wata dattijuwa ce mai Hausar 'yan Makka, wadda Larabci ya ratsa ta ko'ina. Cewa take yi wata 'yar Hausawa a jami'a ta gano wani abu cikin zuma da ke kashe ciwon dajin mama, an gwada shi kafaɗa da kafaɗa da ƙwayar asibiti, wato letrozol, na zuma ya kashe, na asibiti ko gezau. Ta rufe da salati, ta ce a yaɗa saboda Allah.

Na tashi zaune. Na san farantin gwajin da ake nufi, domin romon da aka reni ƙwayoyin halittar dajin a ciki ni na ɗauko shi daga firji da hannuna.

Aikina kula da ɗakin renon ƙwayoyin halitta ne a wata jami'a a nan Jidda. Ni ba farfesa ba ne. Ni ne mai yin oda, mai wanke inkubeta, mai koya wa sababbin ɗalibai riƙe fifet, ɗan bututun auna ɗigon ruwa. Da yardar ɗalibar nake rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ko na gwaggonta ba.

Haifaffiyar Shara Mansur ce a Makka. Kakan kakanta ya baro ƙasar Hausa a ƙafa, ya yi shekaru yana noma a Sudan kafin ya ƙetaro Bahar Maliya, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi. Ba ta taɓa taka Kano ba, amma ranar da ta ji ina waya da Hausa ta daina ce mini Ustaz, ta koma Kawu. Digiri na biyu take yi, kuma jigon aikinta wani sinadari ne mai suna kirisin, hoda mai ruwan ɗorawa-ɗorawa. Ana samunsa a zuma da wasu nau'o'in danƙon nan da ƙudan zuma ke kwasowa daga itatuwa su liƙe kafofin amya, wanda Larabawa ke kira samgun nahli. Ba ita ta fara wannan tunani ba. Tun 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Kellis da Vickery, suka nuna cewa kirisin da danginsa na iya danne wani enzayim mai suna aromates.

Abin da ake son a danne

Enzayim kamar maƙeri yake a jiki: ya kama abu, ya juya shi ya zama wani, ya sake shi, ya kama na gaba. Aromates sana'arsa ɗaya ce, ya ɗauki sinadaran da aka fi sani da na maza, irin su testosteron, ya mayar da su estrojin, sinadarin da aka fi sani da na mata. Jikin mace ma yana da waɗannan sinadarai, akasarinsu daga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda. Kafin al'ada ta ɗauke, ma'ajiyar ƙwan mace ce babbar maƙerar estrojin. Idan ta ɗauke, wannan maƙera ta rufe, amma estrojin bai ƙare ba, domin aromates ɗin da ke cikin kitse da fata, har da cikin ƙarin kansa, yana ci gaba da ƙerawa kaɗan-kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ya ishi cuta. Kimanin bakwai cikin goma na ciwon dajin mama suna da makarɓar estrojin, wato shi ke ba su umarnin su hayayyafa.

An daɗe da hango wannan alaƙa, tun ba a san sunan estrojin ba. Wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, ya ji labarin makiyayan da ke cire wa shanu ma'ajiyar ƙwai bayan haihuwa don su ci gaba da ba da nono, sai ya ce ashe akwai igiya tsakanin ƙwai da mama. A 1896 ya wallafa yadda ƙarin wata mata ya lafa bayan ya yi mata irin wannan aiki. Wadda ta mayar da igiyar ta zama magani kuwa Angela Brodie ce, 'yar Ingila da ta yi yawancin aikinta a Jami'ar Maryland. Ita da mijinta Harry suka kama aikin sinadarin da aka sa wa suna fomestan tun shekarun 1970, an gwada shi a kan mata a Landan farkon shekarun 1980, bai shiga kasuwa ba sai farkon shekarun 1990. Bayansa ne ukun da ake sha yau suka zo. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da anastrozol a 1995, letrozol a 1997, eksemestan a 1999. Biyun farko suna kama ɗan ƙarfen da ke tsakiyar enzayim ɗin su riƙe, kamar a cusa tsinke a kwaɗo mabuɗi ya rasa hanya. Eksemestan shi yaudara yake yi: ya yi kama da abin da aromates ya saba kamawa, da ya haɗiye shi sai ya maƙale har abada, kamar kifi da ƙugiya. Ƙwayar letrozol ɗaya mai miligiram 2.5 a rana tana rage aikin aromates a jiki da sama da kashi 98 cikin ɗari.

Tambayar ɗalibar ke nan: kirisin zai iya yin wani abu makamancin wannan a kan ƙwayoyin dajin mama?

Farantin farko

Ƙwayoyin da ta yi aiki da su su ne MCF-7, waɗanda kusan duk ɗakin gwajin dajin mama a duniya ke da su. Asalinsu daga jikin mace ɗaya ne, Frances Mallon, wata sistar cocin Katolika mai shekara 69. A 1970 aka ɗebo su daga ruwan da ya taru a ƙirjinta, Herbert Soule ya yi nasarar renonsu a wata cibiyar bincike da ke Detroit. Ita ta rasu a shekarar, ƙwayoyinta kuwa ga su nan suna ta rabuwa a inkubetarmu a Jidda, a zafin digiri 37, cikin iska mai kashi 5 na kabon dayokzayid. Wani lokaci idan na buɗe ƙofar da safe abin yakan sa ni shiru.

Farantin gwaji roba ce da ba ta wuce tafin hannu ba, mai gurbi 96, layi takwas sau sha biyu, kamar allon dara na 'yan tsana. A kowane gurbi ana zuba 'yan dubban ƙwayoyi cikin ɗigon romo, a bar su su kwana su kama ƙasa, washegari a ɗiga musu abin da ake gwadawa, daga kaɗan zuwa da yawa. Bayan kwana uku sai a zuba wani ruwa mai launin rawaya da ake kira MTT, hanyar da Tim Mosmann ya fito da ita a 1983. Ƙwaya mai rai tana juya shi ya koma shuni, matacciya ba ta iyawa. Saboda haka gurbin da ya yi shuni sosai yana cike da rai, wanda ya koɗe an yi ɓarna a cikinsa. Na'ura ce ke auna kaurin launin, amma ido ma yana gani.

Abin da ido ya gani a farantinta kuwa mai daɗi ne. Layukan kirisin sun faro da shuni mai kauri daga hagu, suna koɗewa har suka kusa zama ruwa a dama. Layukan letrozol, wanda ta sa don kwatanci, shuni ne tun daga farko har ƙarshe, ba su da bambanci da gurbin da ba a sa wa komai ba. Ta maimaita sau uku, sau uku abu ɗaya. Shugaban bincikenta ya yi tafiya a lokacin. Ta ɗaga farantin saitin taga ta ɗauki hoto, ta nuna mini, na ce madalla, Allah ya ƙara basira, na koma kan lissafin kwalaben da nake yi. Da yamma ta tura hoton zauren danginsu da layi ɗaya: alhamdu lillahi, nawa ya yi aiki, letrozol bai yi ba.

Wannan madallar tawa ita ce kuskuren da ya fi ci mini rai. Idan ka ba zakaran gwajin dafi dafin da duniya ta shaida yana kisa, ya miƙe ya yi cara, ba dafin za ka ƙaryata ba. Zakaran za ka duba, da kuma yadda ka ba shi. Letrozol da bai yi komai ba ƙararrawa ce, ni kuma na ji ta na ɗauka guɗa ce.

Daren da na saurari saƙon ban yi barcin kirki ba, ina ta juya abin da na ɗauko mata daga firji. Romon da muke renon ƙwayoyi da shi kullum ja ne, saboda wani rini da ake kira jan fenol, wanda amfaninsa shi ne ya koma rawaya idan romon ya yi tsami, mu san lokacin canji ya yi. A 1986 Yolande Berthois tare da Benita da John Katzenellenbogen a Jami'ar Illinois suka gano cewa romo mai wannan rini yana yi wa ƙwayoyin dajin mama aikin estrojin mai rauni. Daga baya aka gane wani gurɓi ne da ke zuwa tare da rinin. Ban da wannan, kashi goma na romon ruwan jinin ɗan tayin saniya ne, shi ma da nasa estrojin ɗin. Wato ƙwayoyin ɗalibar a ƙoshe suke. Letrozol ba ya taɓa estrojin da ya riga ya samu, sabo kawai yake hana ƙerawa. Ka rufe injin niƙa a gidan da buhunan gari ke jibge har rufi, wa zai kwana da yunwa?

Kuma ma injin kusan babu shi. MCF-7 na gama-gari aromates ɗinsu ɗan mitsitsi ne, shi ya sa tun 1990 ɗakin gwajin Shiuan Chen a Kalifoniya ya dasa musu ƙwayar gadon enzayim ɗin don su dace da irin wannan aiki. Sannan ba ta zuba testosteron ba, ko injin na nan babu hatsin niƙawa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba ma. Idan a wannan faranti aromates ba shi da wani tasiri a kan rayuwar ƙwayoyin, to duk abin da ya kashe su a layin kirisin ba ta hanyar aromates ya kashe su ba. Farantin da ta ɗauka hujja ce gare ta, hujja ce a kanta.

Lahadi da safe

A nan mako yana farawa ne ranar Lahadi. Na jira ta sa farar rigarta, na kira ta ofis na kunna mata saƙon. Tun daga sallama ta gane muryar, maƙwabciyar gwaggonta ce. Ta yi dariya da farko, ta ce mutanen Shara Mansur sai Allah. Sai dariyar ta tsaya cak.

"Kawu," ta ce, "ai Gwaggo letrozol take sha."

Yayar mahaifinta ce, ta haura sittin. Shekara biyu kafin nan an cire mata ƙari a mama, an yi mata gashin ƙari da na'ura, aka ɗora ta a kan ƙwayar na shekara biyar. A gabana ta kira ta, ta sa wayar a amsa-kuwwa. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar jiki, gwaggon ta faɗa da bakinta ba tare da wata fargaba ba: mako bakwai ke nan rabonta da ƙwayar. Zumar magarya take sha safe da yamma, da danƙon zuma da aka sayo mata da tsada.

"Gwaggo, don girman Allah ki koma kan maganinki."

"Ke da bakinki kika ce ba ya aiki."

"A faranti na ce, Gwaggo."

"To ni da farantin wa ya fi buƙatar lafiya? Kuma zuma ai Allah ne ya ce akwai waraka a cikinta."

Ban ga laifin dattijuwar nan ba, har yau ban gani ba. Ciwon gaɓoɓi yana cikin abubuwan da aka fi sani da wannan rukunin magani, tare da zaizayar ƙashi, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa mata ajiye shi kafin wa'adi. Ita sana'arta fura, tana damawa tana sayar wa alhazanmu lokacin aikin Hajji da Umra. Tun da ta fara ƙwayar yatsunta ke ƙagewa da safe har ba ta iya mulmula ko curi ɗaya sai rana ta ɗaga. Matar da ta saba takawa Harami sallar Asuba ta koma salla a kan kujera. Ta faɗa a asibiti, aka ce ta yi haƙuri. Ana cikin haka sai ga hoto daga 'yar ƙaninta, 'yar jami'a, mai farar riga, yana cewa abin da ke gasa mata gaɓoɓi ba ya ma aiki. Da ta daina sha kuma ciwon ya yi sauƙi cikin 'yan makonni, abin da ya ƙara tabbatar mata tana kan daidai. Wa zai ce mata sauƙin nan alama ce ta estrojin ya dawo?

Na karɓi wayar na gaishe ta, na ce, "Hajiya, babu mai raba ki da zuma. Ayar Suratun Nahli gaskiya ce, ki sha abinki. Amma ayar ba ta ce a zubar da ƙwaya ba." Ta ce to ni wane ne. Na ce ni ne wanda ya ba 'yarki romon da ya ɓata gwajin. Wannan ya fi duk wani bayani shiga kunnenta, domin ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe ku ma kuna kuskure." A makon ɗalibar ta raka ta wurin likitanta, ta zauna ta fassara mata komai da Hausa. Likitan ya duba ta, ya canza mata zuwa wani daga cikin ukun, abin da akan yi idan ɗaya ya matsa wa gaɓoɓi, ya tura ta awon ƙarfin ƙashi, ya rubuta mata bitamin D. Ciwon ya ragu, bai tafi ba.

Sake gwaji

Da shugaban binciken ya dawo ya ga sakamakon, kallo ɗaya ya yi wa layin letrozol ya tambayi wane romo aka yi amfani da shi. Gyaran ya ci wata huɗu, rabinsu jiran kaya. Ƙwayoyin da aka dasa wa aromates sun iso ta hannun wani abokin aikinsa, a daskare cikin akwatin busasshiyar ƙanƙara, ina ta addu'a kada zafin Jidda ya riga mu zuwa filin jirgi. Na yi odar romo marar rini da ruwan jinin da aka tace da gawayi, domin gawayi yana tsotse estrojin da danginsa. Romon fari ne tas kamar ruwan famfo, kuma aiki da shi akwai wuya ga wanda ya saba da ja, tunda babu launin da zai gaya maka ya yi tsami.

Sai aka sa ƙwayoyin azumi. Kwana huɗu a wannan romo, a ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga sun daina gaggawa, sun baje sun yi lakwas, ga filaye a tsakaninsu. Aka ɗiga musu testosteron, nanomola kaɗan (wani ɗan mitsitsin ma'aunin sinadari ne), cikin kwanaki suka cika gurbi suna hawa kan juna. Injin ya samu hatsi. Aka ƙara letrozol a kan testosteron ɗin, shi ma a ma'aunin nanomola, suka tsaya kamar ba a ba su komai ba. Ɗalibar ta daɗe a kan madubin ranar, ba ta ce uffan ba.

Gwajin da na fi so a duk aikin shi ne na gaba, don shi ke raba gardama. A gurbin da letrozol ya tsayar, sai a zuba estrojin ɗin kansa kai tsaye. Idan maganin injin kawai ya rufe, ƙwayoyin za su farfaɗo tunda an kawo musu gari daga waje. Idan kuwa guba ce ta gama-gari, ko buhu nawa ka kawo gawa ba ta cin tuwo. Na letrozol sun farfaɗo sarai.

Kirisin ya rabu gida biyu. A matsakaicin awo ya rage musu gudu, kuma estrojin ya dawo da wani ɓangare na abin da ya rage, alamar cewa lallai yana taɓa aromates kamar yadda aka faɗa tun 1984. Sai dai a ma'aunin mikromola yake yin haka, mikromola ɗaya kuwa nanomola dubu ce. A babban awo, inda farantin farko ya koɗe har ya burge mu, estrojin bai ceci kowa ba. Aka gwada wannan awo a kan MDA-MB-231, wasu ƙwayoyin dajin mama da aka samo a Houston waɗanda ba su da makarɓar estrojin ko kaɗan, su ma suka mutu. Abin da ke kashe mai cin estrojin da wanda bai san shi ba, ba ruwansa da aromates.

Akwai wani abu kuma da tun farko madubi zai nuna da an duba. Kirisin ba ya son ruwa, sai an narkar da shi a wani sinadari mai suna DMSO, wanda ƙwayoyi ke jure wa idan bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Don ta kai babban awo, ɗalibar ta riƙa ƙara shi har ya zarce wannan iyaka, kuma duk da haka hodar ba ta narke duka ba. A gurbin ƙarshe na ga 'yan siraran allurai kwance a kan ƙwayoyin, kamar an watsa ƙaiƙayi. Da ta zuba DMSO zalla a wannan awo, ba kirisin ko ɗigo, gurbin ya koɗe shi ma. Wani kaso na nasarar da ta zaga wayoyin mata daga Makka zuwa Jidda, na ruwan narkarwa ne.

Ɗanyen danƙon zumar da gwaggon ke sha ma ta jiƙa ta gwada, don son sani. A nan wani abin dariya ya faru: gurbin da babu ƙwaya ko ɗaya a ciki ya yi shuni. An san wasu sinadaran tsirrai irin su kwasetin suna juya MTT da kansu, sai na'ura ta ƙirga rai a inda babu kowa. Aka ajiye wannan gefe.

A ce ma kirisin ya yi abin da aka so a faranti, da sauran rina a kaba. A faranti kai ke ɗiga abu a kan ƙwaya. A jikin mutum sai ya bi ta hanji da hanta, su kuwa aikinsu ke nan su ɗaure baƙon sinadari su fitar da shi. A 2001 Thomas Walle da abokan aikinsa a Amurka suka ba mutum bakwai masu lafiya miligiram 400 na kirisin kowanne, abin da ya isa jini da siffarsa bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, ya yi ƙasa da haka nesa. Letrozol kuwa kusan dukkansa ke shiga jini, ya yi kwanaki yana zagayawa. Wannan matsala ko fomestan na Brodie bai tsira daga gare ta ba, shi ya sa allura ake yin sa duk mako biyu, kuma shi ya sa ƙwayoyin sha suka ture shi. Miligiram 400 ɗin da aka ba mutanen nan kuwa na tsantsar hodar kirisin ne. A lissafa cokali nawa na zuma zai ba da haka.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan fanni ma wani ne. Ba duk sinadarin tsiro ne ke tsayawa a rashin amfani ba, wasu suna kwaikwayon estrojin. A 2008 masu bincike a Jami'ar Illinois suka ba ɓeraye masu ƙarin irin waɗannan ƙwayoyi jenistin, sinadarin da ke cikin waken suya, tare da letrozol, sai ya warware aikin maganin. A ɓera aka gani, da tsantsar sinadari, ba a mace mai cin awara ba, kada a ɗauke ni a sake yin wani saƙon murya. Amma ya isa ya sa duk mai shan waɗannan ƙwayoyi ta nuna wa likitanta kowace kwalba da aka kawo mata tsaraba kafin ta kai baki.

Ɗalibar ta so ta cire farantin farko daga kundinta gaba ɗaya, kunya ta ishe ta. Na ce mata, "'Yata, shi ne abu mafi amfani da kika gano, ki bar shi." Shugaban ya goyi bayana, farantin ya zama babi guda da bayanin dalilin da ya sa ya yi ƙarya. Kan kundin ma ya canza, an cire kalmar magani daga ciki. Yanzu tana jiran wasu ƙwayoyin mama marasa ciwo, MCF-10A, ta ga ko babban awon nan yana kashe su su ma. A ɓangarena, romo mai rini da marar rini sun rabu firji, kuma duk wanda ya zo ɗauka sai ya gaya mini me zai gwada.

Ta yi saƙon gyara da muryarta, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci, ta ce ita ce yarinyar, gwajin farko kuskure ne, kada kowa ya ajiye maganin asibiti. Ta roƙi maƙwabciyar gwaggon ta tura shi duk inda ta tura na farko. Watan jiya tsohon saƙon ya sake faɗowa wayar maiɗakina, wannan karon daga wata 'yar'uwarta a Kano, an ɗora masa rubutu a sama cewa wata likita ce a Madina ta gano. Maiɗakina ta mayar mata da na gyaran. Bayan ɗan lokaci amsa ta zo: ta ji, Allah ya saka, amma don Allah idan akwai mai tahowa a aiko mata da irin zumar, kwalba biyu.